Golmon Ɗan Mai Shago

Masu karatu, barkanku da war haka. Mika ne, baban Keziah, daga Zuru. Na ga saƙonninku. Wasu na tambaya ko hawan jinina ya sauka, wata baiwar Allah kuma ta ce in rage gishiri, in daina leƙen wayar 'yata. Gishirin na rage. Wayar kuwa ban taɓa leƙawa ba, Keziah da hannunta take miƙo mini, kuma abin da ya fi hana ni sakat ke nan.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da mu, bari in koma baya kaɗan.

Keziah ce babbar 'yata. Tun tana ƙarama ba ta ƙaunar gona. Da zarar an ce gobe za a hau tudu, cikinta zai fara ciwo tun da yamma. Da ta gama karatu ta dawo gida zaman jiran aiki, sai ta maƙale wa wani wasa a waya, wai wasan noma. Gona ce a cikin gilashi, an yanka ta fili-fili, ka shuka, ka ba da ruwa, ka girbe, kaji na ta yawo a gefe. Ni da tafin hannuna ya yi kanta saboda fartanya, sai in ji 'yata daga kan kujera tana cewa, "Baba, tumatirina ya nuna." In tashi in fita tsakar gida in yi ta zagaye, ina tambayar Allah inda na kuskure.

Wata safiya ta zo ta tsaya a kaina, ta ce in ba ta ɗan filin bayan ɗakin girki inda muke zuba toka.

"Ki yi me da shi?"

"Ina so in ga ko gaskiya suke faɗa a wasan."

Tumatirin farko ya mutu. Ta yi fushi, ta je ta zauna kusa da uwarta tana tambaya, abin da ban taɓa gani ba. Na biyu ya kama. Yau idan ka shiga bayan gidana sai ka yi ta ɗaga ƙafa: gwangwanayen madara cike da irin tattasai, robobin ruwa da ta huda da allura ta kifa a gindin kowace shuka suna ɗiga a hankali. Matan unguwa har sallama suke yi su roƙi iri.

Ita ce ta sa mini wasan a wayata, wai don in daina zaton da aljanu a ciki. Abu ɗaya ya burge ni: idan ka manta da gonarka, maƙwabcinka na iya shiga ya ba shukarka ruwa. Ni kullum mantawa nake yi, amma duk sanda na buɗe sai in tarar an shayar da komai, an bar suna a gefe: Chinedu.

"Wane ne wannan yaro mai hankali?" na tambaya.

Keziah ta rufe fuska da ɗankwali ta shige ɗaki. Matata Saloma ta leƙo daga ɗakin girki da muciya a hannu ta ce, "Baban Keziah, sai yau ka tambaya?"

Chinedu ɗan Oga Sylvester ne, mai shagon kayan babur kusa da tasha. A Zuru aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa daɗi, yana ma gaisuwa da yarenmu na C'lela har tsofaffi su yi dariya su amsa. Yana zuwa coci, ba ya shan komai sai lemo. Amma bai taɓa riƙe fartanya ba. Shi ma wasan ne ya ja shi, ya fara cika buhuna da ƙasa a bayan shagon babansa, a kan siminti, yana shuka barkono da tumatir da ganyen miyarsu. A wayar nan ƙauna ta tsiro, shi yana turo hoton buhunansa, ita tana tura masa hoton gwangwanayenta.

Ni ban ƙi yaron ba. Sai dai a gidanmu ba ni ke ba da 'ya ba. Tun da mahaifinmu ya rasu, wannan magana ta koma hannun yayana Francis, tsohon saje da ya yi ritaya ya koma Dabai, wanda yara da manya ke kira Baba Soja. Da na kai masa maganar, ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, "Golmo fa?"

Ku da ba 'yan ƙasarmu ba, golmo shi ne noman da saurayi ke yi wa surukinsa kafin a ba shi mata. A zamanin iyayenmu shekara bakwai ake yi, saurayi da abokansa, damina bayan damina. Yanzu abin ya yi sauƙi, gidaje da yawa ma sun bari. Amma Yaya Francis ya yi nasa, kuma bai manta ba.

"Yaya, ɗan kasuwa ne, ba su san..."

"Ban ce shekaru ba, Mika. Yini guda. Ya zo ya yi maimai a gonar tudu, in gan shi da idona. Namijin da bai san abin da ke shiga tukunya daga ina yake fitowa ba, ba na miƙa masa 'yar gidan nan."

Maimai shi ne noma na biyu, lokacin da dawa ta kai gwiwa, ciyawa ta sake taso mata. Na dawo gida jikina a mace. Idan Yaya ya ce a'a, ba ni da bakin cewa e. Kuma na san 'yata. Ba za ta gudu ba, ba za ta yi mini rashin kunya ba. Za ta dai yi shiru, ta karɓi aikin da wata ƙawarta ke ta kiran ta a Kaduna, in riƙa ganin ta daga Kirsimeti sai Kirsimeti. Ni kuma yanzu ne na samu 'yar da ke zama kusa da ni da yamma tana tambayata yadda ake gane ƙasa mai riƙe ruwa.

To, ranar ta zo.

Tun gari bai gama wayewa ba na ji ƙarar wayata. Keziah ce, daga ɗakinta, bango ɗaya tsakaninmu.

"Baba ka tashi?"

"Na tashi."

"Ka sha maganinka?"

"Na sha. Chinedu fa, ya ci abinci?"

"Ya ce cikinsa ya ƙi karɓa. Baba don Allah ka tsaya kusa da shi."

Na ajiye wayar, don na san Yaya ba zai bari ba.

Gonar tudu tana bayan Dabai, gadon mahaifinmu, ni nake noma ta. Da na isa, Yaya Francis na zaune a kan dutse da tsohuwar rigarsa ta soja wadda ta koɗe ta koma kalar ƙasa, da hular kaba, da rediyo a gefe bai kunna ba. Ba a jima ba muka ji babur na hawowa da ƙyar. Chinedu ne, da abokinsa Dominic, makanike ɗan garinmu, a baya.

Masu karatu, da kun ga shigar yaron nan. Rigar ƙwallo ja, wando mai aljihu har gwiwa, takalmin ruwa sabo fil yana ƙyalli, safar hannu ta masu walda. Fartanyar da ya ɗauro a babur ko takardar shago ba a ɓare mata ba. A zuciyata na ce, Ubangiji, ka rufa mana asiri.

Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Yaya da yarenmu. Yaya ya amsa, ya dube shi tun daga takalmi har kai.

"Kamun kifi ka zo?"

"A'a, Baba, noma."

"Wannan ce rundunarka?" Ya nuna Dominic da haɓa.

"Sauran suna shago, Baba."

"Mu da muka yi namu, idan muka hawo tudu sai ka ce kasuwa ta tashi. To, ba laifi. Dominic, kai ɗan gida ne, ka san aikin. Sauka can ƙasa wajen rafi ka kama daga can. Shi kuma ya kama daga nan sama. Mika, zo ka zauna kusa da ni. Ba kai ke neman aure ba."

Haka aka raba yaron da duk wanda zai iya yi masa raɗa.

Ya fara. Sarar farko fartanya ta daki dutse ta yi tsalle, Yaya ya yi gyaran murya. Kafin ya kai ƙarshen kunyar farko ya cire safar hannun ya cusa a aljihu. A ta biyu ya cire takalmin, ya ajiye su a gefe kamar baƙi biyu, ya ci gaba da ƙafa a ƙasa. Na ga Yaya ya ɗan gyara zama.

Sai dai yaron akwai nawa. Ya yi sara kaɗan, sai ya tsuguna, ya daɗe a tsugune yana tono da hannu, sannan ya miƙe ya nufi gindin ɗorawar da ke bayan wani babban dutse, ya ɓace mana, ya dawo. Ba a jima ba ya sake. Har rafi ya sauka da wani tsohon buhu ya dawo da shi yana ɗigar ruwa.

"Ka gani?" in ji Yaya. "Inuwa yake bi. Har da jiƙa buhu ya shimfiɗa ya kwanta. Wannan a bariki da tuni ya sha gwale-gwale."

"Wataƙila cikinsa ne, Yaya."

"To ai gara ka sani tun yanzu."

Wayata ta yi motsi a aljihu. Na juya baya na duba.

"Baba yaya?"

Na rubuta, "Yana ƙoƙari."

"Baba Soja ya yi dariya?"

"Bai yi ba."

"Ya yi tsaki?"

"Bai yi ba tukuna."

Daga inda muke zaune, aikin kam ya yi kyau. Inda duk ya wuce, dawa ce tsaye a jere, ƙasa ja tas a tsakaninta kamar an share da tsintsiya. Na ji wani abu ya ɗan taɓa mini zuciya, kamar akwai abin da ya kamata in gani ban gani ba, amma hankalina na kan fuskar Yaya, ban bi ta kai ba.

Da rana ta take, mata suka hawo da abinci. Saloma a gaba, ta ɗaura zanen zumuntar mata na coci, wanda ba ta sa shi sai ranar da take so a san ta da muhimmanci, kwanon tuwon dawa a ka. Keziah a baya da jarkar kunu, cikin tsohuwar doguwar rigar atamfa shuɗiya, ta ɗaure kai tamau, idonta a ƙasa kamar ba ita ta cika mini waya da saƙo ba.

Saloma ta sauke kwano. Ta buɗe baki za ta yi sannu da aiki, sai ta tsaya. Ta shiga cikin gonar, ta bi kunya ɗaya a hankali har ƙarshe, ta dawo ta wata. Ta dafa ƙugu.

"Ina miyata?"

A nan ne na gane abin da idona ya gani zuciyata ta kasa faɗa.

A wajenmu dawa ta maigida ce. Amma abin da ke tsakanin dawa na uwargida ne: kubewa nan, yakuwa can, rama a bakin kunya, karkashi a inda ƙasa ta fi laushi. Ita ke yafa irinta bayan an yi shuka, daga nan miyar shekara ke fitowa. Mai noma yana kewaye su ne, kamar yadda ake kewaye yaro mai rarrafe a tsakar gida. Ba wanda ke faɗa wa wani wannan, don ba wanda ya taɓa tunanin akwai mutumin da bai sani ba. Ni ban faɗa masa ba. Keziah, da duk saƙonninta, ba ta faɗa masa ba. Chinedu ya cire komai, bai bar ko ganye ɗaya ba sai dawa.

Kuma karkashin nan ba irin na ko'ina ba ne. Mai faɗin ganye ne, irin da Saloma ta taho da shi daga Kanya a ƙullin zane, daga hannun mahaifiyarta, wadda yanzu ba ta duniya. Bana duk abin da ya rage mata ta yafa a wannan gefen na sama.

Saloma ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Irin Inna ke nan ya ƙare," ta juya mana baya, ta kai bakin zane ido.

Keziah ta ajiye jarka a ƙasa kamar ta yi mata nauyi.

Yaya Francis ya miƙe, ya kakkaɓe wando, ya ɗauki rediyonsa. Cikin murya mai laushi ya ce, "To, samari, sannunku da aiki. Ku ci abinci, ku sauka lafiya. Ka gaida mini babanka."

Wanda ya san Yaya ya san cewa idan ya zage ka, da sauran magana. Idan ya yi maka ladabi, an gama.

Chinedu na tsaye, gumi na zuba, tafin hannunsa duk ya yi ruwa ya fashe. Ya dubi Keziah, ta kau da kai. Sai ya tako ya durƙusa a bayan Saloma.

"Mama, ban zubar ba."

Ba ta juyo ba.

"Mama, don Allah ki zo ki gani. Suna nan duka."

Ya tashi ya nufi ɗorawar nan. Saloma ta bi shi, muka bi ta. Yaya ne ƙarshe, yana tafe kamar hanyarsa ce dama ta bi ta can.

A bayan dutsen, cikin inuwa, jiƙaƙƙen buhun nan ne a shimfiɗe, an tokare shi da 'yan itatuwa don kada ya danne abin da ke ƙasa. Chinedu ya ɗaga shi. Ga su nan a jere, kowane iri da layinsa: kubewa, yakuwa, rama, karkashi. Kowace shuka da dunƙulen ƙasarta a gindi, ya naɗe da ganye, ya yayyafa ruwa. Ashe tsugunon da yake yi tono ne da yatsu, zuwa inuwar kuma kai su yake yi ɗaya bayan ɗaya.

Saloma ta tsuguna, ta ɗauki karkashi ɗaya a tafin hannu, ta juya shi, ta ɗan buɗe ƙasar da farce.

"Bai tsinke saiwa ba," ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba.

Yaya ya matso. "Kai, ka san kubewa ce ka cire?"

"Na sani, Baba."

"Ka sani, ka cire?"

"Na ɗauka da kansu suka fito, za su cinye wa dawa taki. A inda na koya, kowane fili shuka ɗaya ake sa masa. Duk abin da ya fito a filin da ba nasa ba, cire shi ake yi."

"A ina ka koya?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Dominic, da ya hawo daga rafi yana haki, ya juya yana kallon sama.

"A waya, Baba," in ji Chinedu.

Na rufe ido. Na ce yau kam sai dai a ɗauke ni a sauka da ni.

"To, tun da wayar ta ce ciyawa ne, me ya hana ka watsar?"

"Ban iya ba, Baba. A waya idan ka cire, ɓacewa yake yi. Amma ni na shuka iri a buhu, na san yadda ake jira kafin ya fito, na san yadda ake ji idan ya mutu. Na yi niyya idan na gama in roƙi Mama ta nuna mini wani gefe in yi musu wurinsu daban."

Yaya ya daɗe yana kallon layukan nan. Sannan ya ce wa Saloma, "Matar ƙanena, miyarki ce. Me kika ce?"

"A bari rana ta yi sanyi, a mayar da su inda suke. Yakuwa da rama ba su da wuya. Kubewa ba ta son a taɓa ta. Karkashin kuma ban sani ba, ban taɓa dasa shi ba."

"Kun ji. Ku mayar. In karkashin ya kama, mu zauna. In ya mutu, ba sai mun wahalar da juna ba."

Da la'asar aka fara. Saloma na nunawa da yatsan ƙafa, Chinedu na haƙa rami yana sakawa, yana danna ƙasa a hankali da hannun nan da ya fashe. Keziah ta hau babur bayan Dominic ta sauka gida, ta dawo da buhu cike da robobinta masu huda. Ta bi karkashin ɗaya bayan ɗaya tana kifa roba a gindinsa, ta karyo ganyen ɗorawa ta yi wa kowanne 'yar rumfa. 'Yar da cikinta ke ciwo idan an ambaci tudu, ga ta a durƙushe, rigarta duk jar ƙasa, tana gaya wa uwarta a rage wa yakuwa manyan ganye don kada ta sha wahala. Uwar ta ce, "Wa ya gaya miki?" Ta ce, "Na gwada a bayan gida." Ita da Chinedu ba su yi magana ko sau ɗaya ba, amma duk sanda ya miƙa hannu baya, robar na nan tana jiran sa.

Yaya bai tafi ba. Ya koma kan dutsensa, ya kunna rediyo a karon farko.

Sai kuma sama ta ɗauke. Ku manoma kun san irin wannan tsayawar ruwa ta tsakiyar damina, hadari ya taso ya yi baƙi, iska ta kwashe shi ta yi wajen Bena da shi. Kullum da yamma, in an rufe shago, Chinedu na hawa tudu da jarkoki ya cika robobin. Amma ruwan robar ba ya kaiwa tsakar rana, kuma da safe ba ya samun fita, shi ke buɗe shago. Kubewa fiye da rabi ta kwanta. Karkashin ya yi laushi, ganyen ya rataye kamar kunnen akuya. Keziah ta rage cin abinci. Na ga ta fito da jakarta ta tafiya ta goge mata ƙura, ta mayar ƙarƙashin gado.

Wata safiya na kasa haƙuri. Na ɗaura jarka a babur na ce wa Saloma zan je duba wani mutum a Dabai. Ta dubi jarkar ta ce, "Ka gaishe shi." Ina tafe ina shawara da zuciyata. A wasan ma ai maƙwabci na shayar wa maƙwabci, kuma yaron nan ya daɗe yana shayar mini. Idan Yaya ya ji, zai ce na sa hannu a golmon wani. To, wa zai gaya masa?

Na ajiye babur a ƙasa don kada a ji ƙara, na ɗebi ruwa a rafi, na hau da ƙafa ina nishi. Da na zagayo babban dutsen nan sai na tsaya cak.

Wani mutum ne a tsugune a cikin dawa, da rigar soja koɗaɗɗiya da hular kaba. Butar da yake ajiye wa baƙi Musulmi don alwala a gidansa ce a hannunsa, yana tsiyaya ruwa a gindin karkashi a hankali, yana gyara 'yar rumfar ganye da ɗan yatsa.

Ya ɗago. Muka kalli juna. Ya dubi jarkata, na dubi butarsa.

"Me ka zo yi da jarka, Mika?"

"Kai fa, Yaya?"

"Ni gonar ubana ce."

"Ni ma haka."

Ya ci gaba da tsiyaya ruwansa. "Ba yaron nake taimako ba. Miyar nake tausayi. Ka taɓa cin karkashin Kanya da kan akuya?"

"A gidana ake dafa shi, Yaya."

"To zo ka kama wancan layin, ka daina tsayuwa kamar sabon kurtu."

Na tsuguna kusa da shi. A nan na ga abin da yake kallo. A tsakiyar ganyen da suka rataye, wani ɗan sabon toho ne ya leƙo, kore shar. Na duba na gaba, shi ma haka. Na bi layin da gwiwa har ƙarshe. Masu karatu, ban san sanda na zauna daɓas a cikin kunya ba. Wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi a ƙirji ya sauka, har na ji iskar tudu na shiga mini hanci da sanyi.

Yaya ya miƙe yana dafa gwiwa. Ya je gindin ɗorawa ya ɗauko tsohuwar fartanyarsa, wadda ƙotarta ta yi santsi saboda daɗewa a hannu, ya miƙo mini.

"Ka kai masa. Waccan tasa ta ado ce, ya rataye a shago. Lokacin huɗa ya zo da wannan, in koya masa da kaina, kada ya je ya tambayi waya." Ya ɗauki butarsa. "Kuma ka gaya wa mai shagon ya zo da mutanensa. Ka ce ni na ce."

Ban jira na sauka ba. A nan tsaye na ciro waya, na ɗauki hoton tohon na tura wa Keziah. Ban rubuta komai ba sai, "Ya kama."

Ta buɗe nan take. Na ga alamar tana rubutu, ta tsaya, ta sake farawa, ta tsaya. Can sai ga shi: "Baba na gode. Na dafa maka shayi."

Da na iso gida, jakar nan ta bar ƙarƙashin gado, ta koma saman kwaba inda take tun da. Saloma na tsakar gida tana waƙar coci tana tankaɗe. Ta dubi jarkar ta ce, "Ya mutumin Dabai?" Na ce ya samu sauƙi.

Da yamma muna zaune a bayan gida cikin gwangwanaye, Keziah ta miƙo mini wayarta kamar yadda ta saba. Saƙon murya ne daga Madam Nkiruka, mahaifiyar Chinedu. Ta yi godiya, ta yi addu'a mai tsawo, ta ce tun da ɗanta ya yi al'adarmu, su ma suna roƙon a yi tasu. A can garinsu na kudu, a gaban dangi duka, uban yarinya ne ke cika ƙoƙo da bammi ya miƙa wa 'yarsa da hannunsa, ita kuma ta ratsa taro ta nemo mijinta ta ba shi. Ta ce kakar Chinedu ta tsufa, ba ta iya tafiya, don haka mu ne za mu je.

Ni da ban taɓa wuce Minna ba. Na dubi hannuna, wanda ko kofin shayi ba ya kaiwa baki sai ya zubar da rabi.

"Keziah," na ce, "a wayar nan taku, akwai wasan da ake koyon riƙe ƙoƙo?"

Ta yi dariya har ta dafa kafaɗata. Sannan ta tashi ta cika ƙoƙon uwarta da ruwa fal, ta sa mini a hannu, ta ja da baya har bakin katanga.

"Taho, Baba," ta ce. "A hankali."